Abin Da Tajuj Ta Koya Wa 'Yata



Ni malamin makaranta ne, kuma na daɗe ina ɗaukar finafinan soyayya a matsayin ɓata lokaci. A gidanmu na Shajara, da zarar an yi sallar isha'i sai mata su kewaye talabijin. Yau Su'ad Husni ce a fim ɗin Zuzu na 1972, ɗalibar jami'a mai ɓoye wa abokan karatunta cewa uwarta 'yar rawa ce, su yi ta dariya. Gobe kuma Sangaya ne na Kano, inda Fati Muhammad ta fito a Zubaina, baiwar fada da Yarima ya ƙyalla ido a kanta. Ni kuwa sai in ɗauki littattafan yara in koma zaure ina tsaki.

Abu ɗaya na yarda da shi tun a lokacin. 'Ya'yanmu na Hartum Larabci ya fi zama a bakinsu, amma saboda Zubaina sai ga babbar 'yata tana tambayar kakarta ma'anar "ranka ya daɗe". Hausar da na kasa sa mata da faɗa, fim ya sa mata da wasa.

To, ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke. Kowa ya san barikin tankokin yaƙi a Shajara yake, don haka zama bai gan mu ba. Muka kwashi abin da ya samu muka nufi Gadarif, wajen yayana. Mu goma sha uku a ɗaki biyu, ba makaranta, albashi kuwa sai an ga dama. A cikin wannan hali wani ɗan kasuwa ya aiko neman auren yarinyar, tana da shekara 16. Yaya ya ce mini, "Malam, rage baki ɗaya ma rahama ce." Wallahi ban musa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Da daddare na same ta a tsakar gida tana kallo a wayar 'yar'uwarta. Ashe Tajuj ne, fim ɗin da marigayi Jadallah Jubara ya yi a 1977, wanda mawaƙi Salah ibn al-Badiya ya fito a cikinsa. Labari ne na zamanin da, na ƙabilar Hamran da ke wajen kogin Setit, nan gabas ba nisa da inda muke gudun hijira. Yadda ake ba da shi, Muhallak ya auri Tajuj, kyakkyawar da babu irinta, sannan ya nemi ta yi masa abin da zai zubar mata da mutunci. Ta ce ta yarda, amma shi ma zai biya mata buƙata ɗaya. Da ya yi alkawari, ta cika nasa, sai ta ce saki take so.

Na zauna muka kalla tare. Can sai ta ce, kanta a sunkuye, "Baba, ita Tajuj an bar ta ta faɗi buƙatarta. Ni ba a tambaye ni ba."

Da Hausa ta faɗa, ba da Larabci ba. Jikina ya yi sanyi. Shekara da shekaru ina karantar da yara cewa shari'a ta ce a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita, ga shi a gidana na manta. Na ce, "To, mece ce buƙatarki?" Ta ce jarrabawar sakandare.

Washegari na ba Yaya haƙuri. Bai ji daɗi ba, har yau ma da sauran ɗan tsami tsakaninmu. Ita kuwa ta zauna jarrabawar da aka ɗage, a Disamba 2024.

Ban ce duk abin da ke cikin finafinan nan alheri ba ne. Akwai na banza da yawa. Amma iyaye 'yan'uwana, in kun ga 'ya'yanku mata sun ƙura wa wata yarinya ido a fim, ku zauna ku gani. Wataƙila maganar da suke jin nauyin faɗa muku ce take faɗa a madadinsu.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a. Wassalam.