Kuskuren da Na Koyar Kan Baƙin Rami

Na daɗe ina koyar da fiziks a ajin ƙarshe na sakandare. Duk sanda muka gama babin ƙarfin ja na Newton, nakan ƙara wa ɗalibai labarin baƙin rami na sararin samaniya don darasin ya yi musu armashi. Nakan ce musu baƙin rami yana zuƙe duk abin da ke kewaye da shi, kuma da Rana za ta rikiɗe ta zama irinsa, nan take za ta haɗiye Duniya. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma yara da yawa daga bakina suka ji shi.

Wata ɗaliba ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Malam, a ƙa'idar da ka rubuta mana, nauyi da nisa ne kaɗai ke ƙayyade ƙarfin ja. In nauyin Rana bai canza ba, nisanmu da ita ma bai canza ba, me zai ja mu ciki?" Na ce mata baƙin rami daban yake, ta zauna. Wannan amsa ta fi kuskuren farko muni, domin da girman malanta na rufe bakin yarinyar da ta riƙe darasina fiye da yadda na riƙe shi.

Da daddare na zauna da biro da takarda. Ita ke da gaskiya. Da za a matse Rana har daga tsakiyarta zuwa gefenta ya zama kilomita 3 kacal, za ta zama baƙin rami, amma Duniya za ta ci gaba da zagayenta na shekara daga nisan kilomita miliyan 150. Duhu da sanyi ne za su halaka mu, bayan hasken Rana na ƙarshe ya iso cikin kimanin minti 8. Ita Rana ma nauyinta bai kai ta zama baƙin rami da kanta ba. Sai taurarin da suka ninka ta wajen sau 20.

Haɗarin a kusa yake. Kafin abu ya kuɓuce wa jan Duniya sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa. Gwargwadon yadda aka dunƙule nauyi a ƙaramin wuri, gudun da ake buƙata a gefensa yana ƙaruwa, har a kai iyakar da haske ma, mai gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, ba ya fita. Wannan iyaka ta fito ne daga lissafin Karl Schwarzschild na 1916. Nesa da ita kuwa ana zagayawa lafiya: tauraron S2 yana kewaya baƙin ramin tsakiyar gungun taurarinmu, mai nauyin Rana miliyan 4, sau ɗaya duk shekara 16. Bin sawun irin waɗannan taurari ne ya kai Reinhard Genzel da Andrea Ghez ga kyautar Nobel a 2020.

Washegari na faɗa wa ajin cewa na yi kuskure, na nemi afuwar ɗalibar a gabansu, na ba ta alli ta nuna hujjarta a allo. Na gane inda na ɓata: na ɗauko labarin daga finafinai da hirar mutane don yana burgewa, ban taɓa auna shi da ƙa'idar da ni kaina nake koyarwa ba. Yanzu da lissafin gudun kuɓuta nake fara darasin, ɗalibai su gano da hannunsu cewa sai an matse Duniya ta koma kimanin milimita 9 daga tsakiya zuwa gefe kafin ta zama baƙin rami. Waɗanda suka riga suka gama makaranta da tsohon bayanina, duk wanda na haɗu da shi nakan gyara masa.