Daga Ramin Yashi Zuwa Bakin Kwari

Mai yiwuwa ne mai karatu ya yi mamakin ganin malamin adabi ya bar waƙa da zube da wasan kwaikwayo, ya ɗauki alƙalami a kan ƙwallon lambu, wato wasan nan da Turawa ke kira golf, wanda a wurin akasarinmu ba kome ba ne illa shagalin attajirai da tsofaffin hafsoshin soja. To, ba don nuna wayewa muka zaɓi wannan batu ba. Ruwan daminar bara ne ya tono mana shi a ƙofar gidanmu da ke Tumfure, bayan ya yi kusan shekara talatin a binne cikin zuciyarmu.

A tsakiyar shekarun 1990, muna 'yan makarantar sakandare, duk dogon hutu akan tura mu Jos wurin kawunmu. Jos kuwa gari ne da wannan wasa ya daɗe da zama a cikinsa, domin filin Rayfield, wanda aka kafa a 1913 zamanin Turawan haƙar kuza, yana cikin mafiya tsufa a Nijeriya. Mu dai ba bugawa muke yi ba. Ɗaukar jaka muke yi a wani fili a garin, mu bi bayan mai wasa da sandunansa a kafaɗa, mu sa ido mu ga inda ƙwallo ta faɗi, in an tashi a ba mu abin da ya sawwaƙa. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ba shi da wuyar fahimta. Fili ne mai faɗi da aka kasa gida 18, kowane kashi yana da mafari inda ake bugun farko, yana kuma da ɗan gurbi a ƙarshe wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Wanda ya zagaye su duka da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. A filayen Turai ciyawa ce lufluf kewaye da gurbin, amma a yawancin filayen Arewa na wancan zamani yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai, ana share shi kafin a buga. Tsakanin mafari da gurbi kuwa, nan ne mai tsara fili kan ɗana tarkunansa: ramin yashi, ko kududdufi, ko duhuwar itatuwa.

A ɗaya daga cikin kashin filin nan namu akwai wani ramin yashi da ya gitta tsakiyar hanya, kimanin yadi 150 daga mafari, duwatsu a hagunsa, sarƙaƙiya a damansa. Akwai kuma wani dattijo da muke yawan ɗaukar wa jaka, tsohon akawu ne a wani kamfanin kuza, ya haura shekara saba'in, wanda shi ma da ɗaukar jaka ya fara tun zamanin Turawa. Bugunsa a miƙe yake kamar an ja zare, sai dai ƙarfi ya tafi. Duk ranar da ya zo nan, zai gyara tsayuwa, ya buga bugu mafi kyau da Allah ya hore masa, ƙwallon ta tashi sambal, ta sauka a tsakiyar ramin. Abokin wasansa kuwa, wani matashin ma'aikacin banki mai ƙirar samudawa, ko da ya buga a karkace, ƙwallonsa takan tsallake ramin da rata mai yawa, har ma ba ya sanin akwai shi.

Wata rana muka yi ƙarfin hali muka ce, "Baba, me zai hana ka ajiye ta kafin ramin, ka tsallake a bugu na biyu?" Ya dube mu ya yi murmushi, ya ce, "Yaro, in na ajiye ta na yi asarar bugu ɗaya ban yi laifin kome ba, in na buga da gaske na faɗa. Wanda ya haƙa ramin nan damtsensa ya auna, bai auna nawa ba." Mun ji an kai maganar gaban manyan kulob, amsar da aka bayar kuwa ita ce, ai ramin a fili yake, kowa yana ganinsa tun daga mafari, kuma ramin da ke gaban Baba shi ne ke gaban kowa.

Sai da muka girma, karance-karance suka kai mu, sa'annan muka gane ashe gardamar nan ta girmi Baba kansa. Masu tsara filaye sun rabu gida biyu a kanta tun farkon ƙarni na ashirin. Gida na farko su ne masu aƙidar horo, waɗanda a ganinsu aikin tarko shi ne ya kama mai kuskure, kuma girman hukunci ya yi daidai da girman kuskuren. Babban misalinsu shi ne filin Oakmont da ke kusa da birnin Pittsburgh a Amurka, wanda wani attajirin ƙarfe, Henry Fownes, ya tsara a 1903. Shi da ɗansa sun yi ta ƙara ramuka har a wani zamani suka haura 300, kuma ba su tsaya nan ba, sai da suka riƙa kartar yashin da wani irin manjagara mai manyan haƙora don ƙwallo ta nutse cikin kunya-kunya, fita ta yi wuya. A wurinsu adalci ke nan: ka yi daidai ka tsira, ka kauce ka sha.

Gida na biyu kuwa madubinsu tsohon filin St Andrews ne da ke gaɓar teku a Sikotilan, inda aka tsayar da gurbi 18 tun 1764. Da yawa daga cikin ramukansa ba wani gwani ne ya zauna ya zana su ba. Iska ce da tumaki masu neman mafaka suka fara fafe su. Saboda haka ba su san mai kuskure da marar kuskure ba. Waɗansu ma a tsakiyar hanya suke, daidai inda kyakkyawan bugu zai sauka. A kashi na 16 akwai waɗansu ramuka uku a cure da ake kira Hancin Shugaban Kwaleji (muna roƙon abokan aikinmu kada su kai wannan suna gaban hukumar jami'a). A damansu akwai ɗan siririn lungu tsakaninsu da iyakar fili. Wanda ya yi kasada ya bi ta nan ya dace, gurbi ya buɗe masa. A hagunsu kuwa, a da, fili ne fetal, ba haɗari, sai dai bugu na biyu ya fi wuya. A tsakiyar shekarun 1920 wani Ba'amurke, Joshua Crane, ya bi manyan filayen Birtaniya yana ba su maki kamar mai duba jarrabawa, ya jefa St Andrews can ƙasa, saboda a ma'auninsa filin yana hukunta wanda bai yi laifi ba. Aka yi masa ca. Cikin waɗanda suka ja da shi har da Alister MacKenzie, likitan da ya bar asibiti ya koma tsara filaye, wanda a littafinsa na 1920 ya shimfiɗa cewa lalle ne a bar wa mai rauni wata hanya ta kewaye, ko da za ta ci masa bugu ɗaya ko abin da bai kai ba. Da ya zo tsara filin Augusta tare da shahararren ɗan wasa Bobby Jones, wanda aka buɗe a 1933, ramukan da suka sa ba su kai 30 ba.

Mu dai a namu ganin, mutanen MacKenzie sun fi kusa da gaskiya, ko da yake ba su damu da kalmar adalci ba. Daɗin wasa suke nema. Abin da suka gano shi ne, tarko ba ya zama na adalci don kawai ana ganinsa, ko don yana gaban kowa. Abin tambaya shi ne, wa yake kamawa, kuma wanda ya kama ɗin yana da wata hanya ko babu? Ramin St Andrews yana ba mai ƙarfi da mai rauni zaɓi, dama ko hagu. Ramin Baba bai bar dama ba, bai bar hagu ba, kuma mutum ɗaya kawai ya sani. Har ila yau, wasan da kansa ya amince ba a taru an zama ɗaya ba, shi ya sa aka ƙirƙiro tsarin rangwame, inda ake yafe wa mai rauni waɗansu bugu gwargwadon matsayinsa don ya iya karawa da gwani.

Ba za mu ɓoye wa ɗalibanmu ba, mu ma masu ɗana tarko ne, sau biyu a shekara. Akwai tambayar jarrabawa da ke raba wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba, akwai kuma wadda ba ta raba kome sai wanda ya iya sayen littafin da babu shi a laburare da wanda bai iya ba. Mun taɓa sa irin ta biyun, mun kuwa ɗauka tsauri ne na ilimi. Amma wannan zance ne na wata rana.

Mu komo Tumfure. Duk wanda ya san Gombe ya san gari ne da ke kwance cikin kwari, tudu ta yamma da shi, kuma a kan tudun nan, bisa hanyar Bauchi, Tumfure take. Kafin a ƙirƙiro jihar a 1996 gonaki ne suka fi yawa a nan. Da Gombe ta zama babban birni sai ma'aikata da 'yan kasuwa da malamai irinmu muka yi ta hawowa, muna yanka filaye. Ƙasar wurin rairayi ce marar danƙo: da rani ruwa yana can ƙasa da nisa har rijiyar burtsatse ta gagari mai ƙaramin ƙarfi, mu riƙa sayen ruwa a tanka, da damina kuwa ruwa kaɗan ya isa ya yanke ta kamar wuƙa. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Agusta na 2004 a cikin gari ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ruwan tudu ke yi in ya gangaro.

Da Allah ya nufe mu da gina gida, mun yi abin da kowa ke yi a layinmu. Muka rufa kwano mai faɗi, muka shimfiɗe tsakar gida kaf da intalok don kada yara su kwaso taɓo, muka huda katanga muka sa bututu ya fitar da ruwa waje. Layin kuwa ba shi da magudana. Ruwan da a da gona ke shanyewa, yanzu ko ɗigo ba ya shiga ƙasa. Daga kwano sai intalok, daga intalok sai titi, ya haɗu da na maƙwabta ya zama rafi, ya nufi gangare. Mukan tsaya a ƙofa bayan an ɗauke ruwa muna yaba yadda gidanmu ke bushewa nan da nan.

Birkilan da ya shimfiɗa mana intalok ɗin a can gangaren yake zaune. Ya sayi filinsa ne a bakin wani ɗan kwari, domin nan ne kuɗinsa ya kai, kuma a lokacin, in ji shi, yaro ma yana tsallake kwarin da gudu. A watan Agustan bara ya yi mana sallama da sassafe, ƙafarsa duk laka. Ruwan daren jiya ya cinye katangarsa ta baya da makewayi, ɗakin da 'ya'yansa ke kwana saura taku huɗu. Ya ce, "Dakta, na zo ne a taimaka mini da abin da ya samu, in sayi buhunan da zan cika da yashi in tare." Muka ba shi abin da muka ba shi, muka yi masa jaje. Amma gaskiyar magana, abin da ya fara zuwa zuciyarmu shi ne, ai ya ga kwarin kafin ya saya. Sai da ya juya ya tafi muka ji maganar ta yi mana kama da wadda muka taɓa ji, muka tuna a bakin wa muka ji ta.

Lalle kwarin a fili yake, kuma yana nan ga kowa. Sai dai mu albashi da bashin banki sun tsallakar da mu, har ba mu san da shi ba, shi kuwa iyakar ƙoƙarinsa na shekaru a nan ya sauke shi. Ta wani fannin ma Baba ya fi shi gata. Baba da ƙafarsa ya shiga wasa, yana da rangwamensa, in ya faɗa rami bugu ɗaya ko biyu ya rasa, gobe a sake sabon lale. Kuma ramin Baba ba ya girma. Wannan kuwa kowace damina ƙara faɗi yake yi, kuma da muka bi sawun ruwan da yamma, daga bakin ɓaraguzan katangarsa muka yi ta hawa, kwana bayan kwana, sawun bai ɓace mana ba har bakin bututunmu. Fownes dai ya san yana haƙa rami, har yana alfahari da shi. Mu ko sani ba mu yi ba, kuma ba mu ga ta inda rashin sanin ya rage wa birkila ko taku ɗaya ba.

Mun san gyaran kwari irin wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Aikin hukuma ne da injiniyoyi da kuɗi masu nauyi. Duk da haka, da kaka ta yi muka kira shi muka ce ya ɗaga intalok ɗin sulusin tsakar gida, ya haƙa rami a ƙarƙashin indararo ya cika shi da duwatsu, ruwan kwano ya riƙa nutsewa a nan. Uwargida ba ta ji daɗi ba, ta ce mun biya kuɗi an shimfiɗa, yanzu kuma za mu biya a tone, ga taɓo zai dawo. Wani maƙwabcinmu da ya leƙo ya tambaya ko masai muke haƙawa a tsakar gida. Shi dai birkila bai ce kome ba, ya yi aikinsa kwana uku, ya jera tubalan da ya cire a gindin katanga. Ran da ya gama, muna ƙirga masa kuɗinsa a ƙofar gida, sai ya ɗaga kai ya dubi layin daga sama har ƙasa, ya ce, "Dakta, gida nawa ne a layin nan naku?" Muka ƙirga tare da shi, bututu bayan bututu, muka sami 14.