Kuɗin Dako

Kakana na wajen uwa ɗan dako ne a Kano zamanin dalar gyaɗa. Ban riske shi da ƙarfinsa ba. Abin da na riska shi ne dattijon da wuyansa ba ya juyawa, idan an kira shi sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Muna yara mukan kwaikwaye shi a bayan idonsa, Allah Ya yafe mana.

Sai da na girma na fahimci cewa dalar da muke alfahari da ita sito ce marar rufi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta samu hanyar zuwa Legas, amma a shekarun da noma ya bunƙasa jirgin ya kasa kwashe ta a kan kari. Sai aka riƙa jera buhuna a fili, kimanin dubu 15 a dala guda, a lulluɓe da tamfol. Kowane buhu a kan mutum ya hau. Irin wannan gini ba ya yiwuwa sai inda ƙarfin ɗan Adam ya fi siminti da ƙarfe araha.

A Amurka lissafin ya bi wata hanya. Ma'aikacin sito a can da awa ake biyansa, saboda haka duk mintin da ya ɓata yana tafiya tsakanin kantoci, daga aljihun mai sito ya fita. Abin da ya sa motar ɗaga kaya da katakon da ake jera kaya a kansa suka bazu tun Yaƙin Duniya na Biyu ke nan. A 2012 kamfanin Amazon ya sayi kamfanin Kiva kan dala miliyan 775, don samun na'urorin da ke ɗauko kanta sukutum su kawo ta gaban ma'aikaci. A ƙarshen 2018 kuma ya mayar da mafi ƙarancin ladan awa dala 15. Ladan ya tashi, amma yanzu kwamfuta ce ke ƙirga sakannin ma'aikacin, kuma koke-koken ciwon baya da na gaɓoɓi ba su ƙare ba.

Mu a nan da buhu ake biya, kamar yadda aka biya kakana. Na sha zama a kasuwar hatsi ta Dawanau ina kallon samari a inuwar tirela suna jiran lodi. Idan mota ta makara, asarar wunin tasu ce. Idan ƙugu ya goce, kuɗin ɗori nasu ne. Mai sito bai yi asarar ko sisi ba, don haka ba shi da dalilin sayen inji, kuma a gaskiya ban ga laifin lissafinsa ba. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai naira dubu 70 a 2024, ta ware masu aikin da ake biya bisa yawan abin da suka yi, wato ba ta san da ɗan dako ba.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari idan na ji ana cewa kuɗin ma'aikata a sitocinmu ba su da yawa. Wani kaso ne kawai ke shiga littafin mai kaya. Ragowar iyalai ke biya daga baya. A gidanmu mahaifiyata ce ta biya, shekara da shekaru tana saya wa mahaifinta man zafi, tana gasa masa wuya da ruwan ɗumi kafin sallar asuba.