Kondensar Tsohuwar Kwamfuta

Masu gyaran rediyo a Jalingo sun daɗe da sanin cewa ba kasafai tsohuwar na'ura kan mutu ɗungurungum ba; galibi kondensa ce kan gaza. Ruwan cikinta yakan bushe, zafin watan Maris ya ƙara masa azama, har kanta ya kumbura. Waɗanda aka ƙera tsakanin 1999 da 2007 sun yi ƙaurin suna wajen wannan cuta.

Kwamfutar marigayi mahaifina, mai ɗauke da rubuce-rubucensa, ita ta kai ni wurin mai gyara. Sai da ya sauke cajin babbar kondensar tukuna, domin takan riƙe wuta mai kisa ko an zare waya. Sa'an nan ya narka dalma, ya sauya huɗu, fanka ta juya.