Kafin Mu Sake Ɗaukar Hanyar Yankari

Tunda taron da ya gabata ya amince mu koma gandun dajin Yankari da motocinmu a ranin bana, ya kamata waɗanda ba su je wancan karon ba su ji abin da ya same mu, domin a kansa aka yi gardamar da ta kai mu har magariba.

Motoci biyu muka fita da su daga Suleja, kuma sai da hantsi ya dubi ludayi muka tashi, saboda jiran mutum ɗaya. Cunkoson Nyanya da Mararraba ya cinye mana safiya. Mun wuce Keffi da Akwanga lafiya, amma a Hawan Kibo ƙaramar motar ta ɗau zafi, lagireto na tafasa, ga mu ba ko jarka ɗaya ta ruwa. Ruwan shan yara muka ɗura mata bayan ta huce. Lokacin da muka wuce Jos da Bauchi, muka karya a Dindima, rana ta yi ja.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, isa ƙofar Mainamaji ba isa masauki ba ne. Daga nan zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40 cikin daji, ba gidan mai, ba mai faci, sabis ɗin waya kuma ya zo ya ɗauke. A tsakiyar wannan hanya taya ta fashe. Aka ciro safaya, ita ma ba iska. Mun fi awa ɗaya a tsaye cikin duhu da mata da ƙananan yara, a dajin da giwaye da ɓauna ke yawo, har ɗaya motar ta je ta dawo da taimako. Babu wanda ya yi dariya a daren, duk da yanzu kowa na ba da labarin yana ƙyalƙyalewa.

Shi ya sa wani dattijonmu ya miƙe a taro ya ce, "Malam Sakatare, ku je ku kaɗai, ku bar mana jikokinmu a gida." Muka ce, "Baba, gaskiyarka, amma laifin namu ne, ba na dajin ba." Wurin nan faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, tun 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara, kuma yaranmu da ke tashi a gindin Dutsen Zuma ba su taɓa ganin gwanki ko mugun dawa ba sai a waya. Daga ƙarshe ya yarda, bisa sharaɗin cewa duk motar da bakanike bai duba ba, ba za ta bi ayari ba, ko ta Shugaba ce.

Don haka mako guda kafin tafiya za a duba birki, fanbel, batir da lagireton kowace mota, a auna iskar safaya a gabanmu. Kowa ya zo da jak mai aiki, tocila, jarkar ruwa da takardun mota cikakku, saboda shingayen bincike. Igiyar jan mota da famfon iska ƙungiya za ta saya. A Bauchi za mu cika tanki, ko da allura na nuna rabi. Ana idar da sallar asuba za mu tashi; wanda ya makara, mu haɗu a hotuna.

Zagayen cikin daji kuma ba na ƙananan motoci ba ne. Hanyoyin da ke bin kogin Gaji, inda dabbobi ke taruwa da rani, burji ne da yashi, sai mota mai tsayi, kuma tare da ɗan rakiya na gandun. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando. Iyaye mata, a rufe kwanukan abinci da gilashin mota a Wikki, gwaggon birin wurin ba ya jin kunyar kowa. Wancan karon da ledar burodin Ma'aji ya gudu.

Kwana biyu kafin tashi za mu tuntuɓi 'yan uwanmu na Jos da Bauchi kan lafiyar hanya. Idan suka ce a dakata, za mu ɗage, ko da an biya kuɗin ɗaki. Mai son zuwa ya ba Ma'aji sunansa da adadin iyalinsa kafin taro na gaba.