Panteka: Ajin Kimiyya Ba Allo Ba Alli

Kunne ne ke fara gaya wa mutum ya iso tsohuwar Panteka ta Kaduna. Tun daga bakin titi, a yankin Tudun Wada, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ƙarar guduma da kukan injin yankan ƙarfe ke tarbar baƙo. Nan masu walda, can kafintoci, gaba kaɗan masu ƙera injin markaɗe da ƙofofin gida. Mu dai 'yan aji biyar na ɓangaren kimiyya ba mu tsaya kallo ba, domin malaminmu ya wuce da mu kai tsaye rumfar masu zubin tukwane.

Dukanmu mun haddace cewa alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas. Mun rubuta a jarrabawa, mun ci maki. Amma babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa ganin ƙarfe ya koma ruwa sai ranar. A kasuwa dalma ake ce masa, ko da yake a littafi dalma wani ƙarfe ne daban, mai nauyi, wanda ke narkewa tun a digiri 327.

Dattijon da ke da rumfar bai bar mu mun harɗe hannu ba. Ya zube mana tarin gwangwanayen lemo da tsofaffin tukwane da guntayen kayan mota, ya ce mu ware. Malam ya fito da maganaɗisu daga aljihu. Duk abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, sai a jefa gefe, domin shi sai zafi ya haura digiri 1,500 yake narkewa, wutar da za ta narkar da alminiyam ko gezau ba zai yi mata ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne wurin yashi. Ana kifa tukunyar gwaji a cikin akwati, a cika da yashi mai ɗan danshi, a daddanne, sannan a zare tukunyar a hankali. Gurbin da ta bari shi ne narkakken ƙarfe zai cika. Kowannenmu ya dunƙula yashin ya ji. Idan ya bushe da yawa sai ya rushe, idan ruwa ya yi yawa kuwa, nan haɗarin yake.

Wata daga cikinmu ta ce, "Baba, me ya sa ruwa ke da haɗari, alhali shi ke kashe wuta?"

Ya ce, "'Yata, ɗigo ɗaya ya shiga, sai ƙarfen ya yi tsalle ya same ki a fuska. Dalilin kuma, ga malaminku nan."

Malam ya ce ruwa idan ya koma tururi yana kumbura fiye da sau 1,600, kuma a ƙarƙashin narkakken ƙarfe ba shi da hanyar fita sai ya fashe. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ɗauko wata tukunya mai ƙananan huda ya nuna mana aikin tururin. Shekaru yana kauce wa abin da hannunsa ya sani, mu kuma muna riƙe da lambar ba mu san amfaninta ba. A ganinmu, makarantar da ke kusa da irin wannan wuri ba ta da hujjar cewa rashin kayan ɗakin gwaji ne ya hana ɗalibanta taɓa komai.

Mun sayo ƙaramar tukunya ɗaya. Aikin da Malam ya ba mu shi ne mu auna nauyinta, mu nutsar da ita mu auna ruwan da ta ture, mu raba. Idan amsar ta zo kusa da giram 2.7 a kowace santimita kubik, alminiyam ce. Idan ta haura sosai, to akwai gauraye, kuma dattijon ya ce mu koma mu gaya masa.