Mun Ɗauki Shatar Mota Zuwa Rijiyar Kusugu

Shekara da shekaru muna koya wa 'yan aji shida labarin Bayajida da macijin rijiyar Daura, amma a cikinmu malaman makarantar nan babu ko ɗaya da ya taɓa ganin rijiyar da idonsa. Wadda ta tona mana asiri kuwa wata yarinya ce 'yar shekara 11. Ana cikin darasi ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, har yanzu da ruwa a rijiyar?" Muka ce da shi, gama haka muka karanta. Ta ce, "Kun sha?" Aji duka ya fashe da dariya. Ran nan da aka tashi muka zauna a ofis muka ce lalle sai mun je, mu kuma tafi da yaran.

Daga Kano zuwa Daura ba wata doguwar tafiya ba ce, awa biyu ne da 'yan kai, motocin haya kuwa ba su yankewa. Amma wanda ya ke riƙe da 'ya'yan mutane har 11 ba ya shiga motar haya. Za a rarraba ku mota biyu ko uku, a zauna jiran mota ta cika, a kuma zube ku a tasha ku nemi hanya da kanku. Saboda haka muka shirya mu ɗauki shata, wato mota da direbanta su zama namu daga safe har yamma. Iyaye suka ba da abin da za su iya, mu malamai muka cika sauran. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin shata ya zama abin da sai an yi shawara da uwargida kafin a sa hannu a aljihu.

Da fari mun yi wauta. Wani saurayi mai mota a unguwarmu ya yi mana araha ƙwarai, muka ba shi kafin alƙalami, ba takarda, ba shaida. Ran Asabar yara suka hallara tun da sassafe, kowa da ƙunshin abincinsa. Har ƙarfe 10 babu mota, wayarsa kuma a kashe. Kuɗin dai sun dawo daga baya kaɗan kaɗan, amma kunyar da muka sha a gaban iyaye ba ta biyuwa. Araha ba ta ado.

Karo na biyu muka tafi tasha, muka gai da shugabannin direbobi, muka faɗa musu bukatarmu. Suka haɗa mu da wani dattijo mai furfura, mai ƙaramar bas. Kuɗin da ya yanka sun fi na saurayin nan nesa, bai kuwa rage ko kwabo ba. Ya tambaye mu, mu nawa ne? Muka ce yara 11, manya 5. Ya girgiza kai ya ce motarsa mutum 14 ta ke ɗauka. Muka ce ai yara ne, a matsa. Ya ce, "Malam, 'ya'yan mutane ne fa, ba buhunan gero ba." Tilas hedimasta da wani malami suka haƙura da tafiyar, muka rage mu uku, maza biyu da malama ɗaya saboda 'yan mata.

A gaban shugabannin tasha aka rubuta kome. Kuɗin mai yana cikin jinga. Rabi yanzu, rabi in an dawo. Abincinsa na rana a wuyanmu, za mu kuma ba shi lokacin salla. Abokin aikinmu ya zaga motar ya dudduba tayoyi, ya sa aka nuna masa safaya da jak da takardun mota, dattijon kuwa bai ji haushi ba, har ya ce da ma kowa haka ya ke yi. Sa'an nan ya kawo nasa sharaɗin. Za a tashi ƙarfe 7 na safe, za a kuma bar Daura ƙarfe 3 na yamma, "ko kun ga rijiya, ko ba ku gani ba." Ya ce shi ba ya tuƙin dare da yara, ga ramuka, ga manyan motocin da su kan lalace a tsakiyar titi ba fitila, ga kuma halin da hanyoyi su ke ciki. Muka sa hannu da sauri, muna gani awa takwas ai ta ishe mu har da saura.

Baba direba, haka yara suka riƙa kiransa, ya iso ƙofar makaranta bakwai saura kwata. Mu ne ba mu shirya ba. Wani yaro ya makara, wata ta manta takardar yardar iyayenta aka koma ɗaukowa. Sai ƙarfe 8 muka yi addu'a muka kama hanya. Bai ce kome ba, agogonsa kaɗai ya duba.

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, an gama girbi, gonaki sun zama fili sai tarin kara nan da can. Muka wuce Dambatta, muka shiga Kazaure da duwatsunta. A safiya guda yaran suka taka jiha uku, Kano, da Jigawa wadda aka ƙirƙiro a 1991, da Katsina wadda aka cire daga Kaduna a 1987. Abin da mu ke ta zanawa a allo ba ya zama, ran nan ya zauna musu daram. Amfanin shata ke nan. Inda muka ce a tsaya a nan a ke tsayawa, ba fasinjan da zai yi tsaki.

Bayan mun wuce Kazaure kaɗan sai muka ji fam! Tayar baya ta yi faci. Baba ya sauka gefen hanya a hankali, ya sa yara duka suka koma can cikin gona nesa da titi, ya canja taya. Muka ce to, a ci gaba. Ya ce a'a, sai an nemi mai faci an gyara wadda ta fashe, gama shi ba ya tafiya ba safaya. A nan fa muka yi 'yar jayayya. Muka nuna masa lokaci yana ƙurewa, a bari sai mun isa Daura. Ya ce, "Malam, in wata ta sāke fashewa a dajin nan, da me za mu sa?" Ba mu da amsa. Neman mai facin da jiran ya gama da wata mota da ya ke kai, suka cinye mana fiye da awa biyu. Gaskiya a lokacin ranmu ya ɓaci da shi, ko da ya ke awa gudan da muka ɓatar da safe ba shi ya ɓatar ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce muka shiga Daura. Da tambaya muka kai Kusugu, a cikin tsohon gari. Rijiyar ba a fili ta ke ba, an yi mata gini an rufe, ƙofa kuwa a kulle. Mai kula da wurin ya tafi sallar azahar, mu kuwa ba mu aiko da labarin zuwanmu ba, balle a jira mu. Baba ma ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci. Muka zaunar da yara a inuwa suka buɗe abincinsu, amma ba wanda ya ci da daɗi. Ƙarfe 2 ta yi, ta gota. Yarinyar nan da ta jawo tafiyar ta zo ta ce, "Malam, yau ma ba za mu gani ba?" Muka rasa abin da za mu ce mata. Muna ta lissafin yadda za mu fuskanci iyaye karo na biyu, da ko za mu roƙi Baba ya karya sharaɗin da mu da kanmu muka sa wa hannu.

Muna cikin haka sai ga shi tafe da wani mutum riƙe da mabuɗi. Ashe da aka sallame ya bi sahu yana tambaya har aka nuna masa mai kula da rijiyar, ya roƙe shi ya jinkirta cin abincinsa saboda yara sun zo daga nesa. Da mu kaɗai ne, baƙi, da ba mu san ta inda za mu fara ba.

To, ga Kusugu. Ku masu karatu da ba ku taɓa zuwa ba, kada ku sa rai za ku ga wani abu mai girma. Yaranmu sun zaci za su tarar da rami kamar tafki. Rijiya ce kamar ta gidan kowa, mai ƙaramin baki, har wani yaro ya ce, "Yanzu a nan macijin ya zauna?" Mai kula da ita ya zura guga ya jawo ruwa mai sanyi, ya ce ba a taɓa jin ta ƙafe ba. Yarinyar nan muka fara miƙa wa. Sa'an nan muka sha, mu ma. Baba direba ya karɓi guga ya ja da hannunsa, ya ce shekara talatin yana bin hanyar nan da fasinja, bai taɓa sanin ƙofar wurin ba sai yau.

Mutumin ya ba da labarin yadda a ke ba da shi a Daura. Baƙo ya fito daga Bagadaza, ya zauna a Barno ya auri 'yar sarki, ya gudo yamma, ya bar matar a Garun Gabas inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce ba a samun ruwa a garin nan sai ran Jumma'a, saboda macijin da ke cikin rijiya, wanda a ke kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. Da gari ya waye sarauniya Daurama ta nemi wanda ya yi wannan aiki, aka yi ta ƙarya, har baƙon ya fito da kan. Ya aure ta, ta haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida kuma suka mallaki Daura, da Kano, da Katsina, da Zazzau, da Gobir, da Rano. In aka haɗa da Biram, Hausa Bakwai ke nan.

Da ya zo kan kuyangar da Daurama ta ba Bayajida, Bagwariya, uwar Karɓagari, wanda a ke cewa daga gare shi Banza Bakwai suka fito, sai malamarmu ta yi dariya, gama ita Bagwariya ce. Ta ce, "Ashe gidan kakata na zo." Kowa ya yi dariya, har mai ba da labarin. Amma a ganinmu bai kamata malami ya rubuta kalmar nan "banza" a allo ya wuce ba bayani ba. A ajinmu akwai 'ya'yan Gwari, da Nupawa, da Jukunawa, da Yarabawa, waɗanda duk a ke lissafa ƙasashensu a cikin bakwai ɗin nan. Ya kamata su sani wannan lissafin mutanen dā ne na wani gefe, ba awon darajar kowa ba.

Haka kuma mu kan gaya wa yara su bambanta tarihin baka da abin da aka tabbatar. Babu wata takarda ta zamanin Bayajida da ta ba da shaidarsa, masanan tarihi da yawa kuwa suna ɗaukar labarin a kan hoto ne na wani babban canji, wato lokacin da mulki ya fita daga hannun mata ya koma na maza. Gama Daura ta lissafa sarauniyoyi tun daga Kufuru har zuwa Daurama kafin a fara sarakuna. Abin da ya ke a rubuce sosai shi ne na baya. Wajen 1805 mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Malam Ishaku suka ci Daura, gidan sarautar Haɓe ya fita ya kafu a Zango da Baure, sai wajen 1906 Turawa suka komo da Malam Musa daga Zango. Wannan ya sa Daura ta bambanta da Kano da Katsina da Zazzau, inda sarauta ta tsaya a hannun Fulani. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sa'an nan aka naɗa Umar Faruk Umar. Halin malami ba ya ɓuya, nan take muka sa yara su ɗebe su faɗi shekarun kowanne. Suka samo 55 da 41, suka yi ta mamaki sarki biyu kaɗai sun cinye kusan shekara ɗari.

Aka ce mana takobin Bayajida yana fada. Ba mu gan shi ba. Fadar ma daga waje muka hange ta ta tagar mota, gama sa'ad da muka fito daga ɗakin rijiyar ƙarfe 3 ta riga ta yi. Baba ya ƙara mana minti ashirin, yara suka cika gorunansu da ruwan Kusugu, muka yi wa mai mabuɗi godiya da ɗan abin goro. Da minti ashirin suka cika ya ta da mota, ba wanda ya ce uffan.

A hanyar dawowa yara duka suka yi barci. Rana tana gab da faɗuwa muka shigo Kano, ana kiran magariba muna tsayawa a ƙofar makaranta. Iyaye wajen bakwai suna tsaye a bakin ƙofa, wata uwa tun la'asar ta ke wurin. Muka ƙirga yara 11 muka miƙa wa masu su. Hedimasta ya karɓi gorar da muka ɗebo masa, ya ɗaga ta sama yana dubawa kamar mai neman maciji a ciki.

Muka cika wa Baba sauran kuɗinsa, muka ɗora ɗan abin da ya rage a asusun tafiya saboda facin taya, ko da ya ke ba ya cikin takarda. Ya ƙirga a gabanmu, ya sa a aljihu. Muka ce masa baɗi, in Allah ya kai mu, muna so mu kai 'yan aji shida na gaba Katsina su ga hasumiyar Gobarau. Ya ce yana nan, amma a aika wa masu mabuɗi tun da sauran kwana, a kuma gaya wa yara ƙarfe 6 za a tashi, don a samu a tashi ƙarfe 7.